Gansakuka a Jikin Itacen Kofi da Shayi

A tsaunin Mambila na Jihar Taraba, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,500 kuma hazo ke kwana a gonaki, da wuya ka ga tsohon itacen kofi ko na shayi wanda gansakuka ba ta hau ba. Manoma da dama kan ɗora mata laifin raguwar amfani, har su kashe kuɗi a kan maganin feshi. Kafin ka yi haka, duba shekarun itacen.

Dashe mai shekara 2 ko 3 ɓawonsa sumul ne, kuma yana kauri da sauri, don haka ba abin da ke samun wurin kamawa. Idan girma ya fara lafawa, sai wani farin dabbare-dabbare mai kama da ƙyasbi ya manne a ɓawon. Wannan haɗin naman gwari ne da wani ƙanƙanin tsiro da ke haɗa abincinsa daga hasken rana. Daga baya masu kama da busasshen ganye su biyo, musamman a rassan da rana ke samu. Koriyar gansakuka mai laushi ita ke zuwa ƙarshe, bayan ɓawo ya tsattsage, ƙura ta taru a ciki, inuwa kuma ta yi yawa a gindi.

Babu ɗayansu da ke tsotsar ruwan itace kamar yadda kauci ke yi. Jingina kawai suke yi. Saboda haka idan ka ga sun lulluɓe har ƙananan rassa, itacen ne ya riga ya daina girma, ko don tsufa, ko ƙarancin taki, ko rashin datsa. Malamin gona ya fara bincike daga nan.

Duk da haka, mai kauri tana da illa. Tana rufe idanun da sabon toho zai fito bayan an datse shayi, tana riƙe danshi, kuma ƙwaro mai huda itacen kofi kan sami maɓoya ya saka ƙwai a ɓawon.

Lokacin datsa, wanda ga shayi kan zo bayan shekara 3 zuwa 5, shi ne lokacin cire ta. Goge gangar itacen da guntun buhun algarara yayin da take da danshi. Kada ka kankare da wuƙa, domin rauni ƙofar cuta ne. Sannan ka rage rassan bishiyoyin inuwa, ka zuba taki a farkon damina.