Wane Littafin Hisabi Ya Dace da Yaro Mai Hazaƙa?

Ku sani a ƙasar Amurka akwai iyaye da yawa waɗanda ba su kai 'ya'yansu makaranta, su da kansu ke karantar da su a gida, kuma tun 1993 doka ta yarda da haka a dukan jihohi 50. Babban abin da ke damunsu shi ne in Allah ya ba su yaro mai hazaƙa, ɗan shekara 6 ko 7, wanda ya ƙoshi da tarawa da ɗebewa tun sa'o'insa suna ƙirga da yatsu. In an ɗora masa littafi mai sauƙi sai ya gaji ya tsani ilmin, in kuwa an tsallaka da shi da gaggawa sai ya zama gini ba harsashi.

Littattafai iri uku sun shahara a wurinsu. Na farko na John Saxon ne, tsohon hafsan sojan sama, wanda ya fitar da littafinsa na fari a 1981. Hanyarsa ita ce a ba yaro sabon abu kaɗan kullum, sa'an nan a bi shi da tambayoyi wajen 30, galibinsu tilawar abin da ya wuce. Wannan magani ne ga mai mantuwa, amma ga wanda ke kama abu tashi ɗaya, kamar a mai da mahaddaci babbaƙu ne.

Na biyu shi ne Primary Mathematics, wanda hukumar ilmi ta ƙasar Singafo ta wallafa a 1982. Yaro ya fara da abin da zai riƙe a hannu, ya koma zane, daga bisani lamba. Ga misalin hanyar: falke ya sayar da sulusin huhunan goronsa, ya kuma sayar da rubu'in abin da ya rage, saura 18. Huhu nawa ya ɗauko? Sai yaro ya zana sanda ya kasa ta 6. Sulusi ya ci kashi 2, rubu'in ragowar ya ci 1, kashi 3 da suka saura su ne 18. Ashe kowane kashi 6 ne, jimla 36.

Na uku shi ne Beast Academy, wanda ya fara fitowa a 2012 daga kamfanin Art of Problem Solving, wanda Richard Rusczyk ya kafa a 2003. Domin masu hazaƙa aka yi shi. Darasinsa labari ne da hotuna, cikin tambayoyinsa kuwa akwai masu wuya ƙwarai, har yaro ya daɗe a kan guda ɗaya. Nan ne zai koyi haƙuri, abin da mai saurin ganewa ya fi kowa bukata.

To, mizanin zaɓe guda ne: a nemi littafin da zai zurfafa da yaro, a bar ƙirga yawan shafin da ya ƙare. Masu waɗannan littattafai duka suna ba da jarrabawar gwaji, don a san matakin da za a fara, ba a dogara ga shekarunsa ba. In ya ba da amsa, a tambaye shi dalili. Wanda ya iya faɗin me ya sa sudusi da sulusi suka zama rabi, ya cancanci ci gaba.

Malaman fara'ili sun riga sun san wannan. Alkawarizmi, da ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban kashinsa mas'alolin gado da wasiyya ne, domin da warware mas'ala ake gane wanda ya fahimta. Uban da zai saya wa ɗansa littafi, a Kano yake ko a Amurka, ya buɗe ya duba tambayoyinsa tukuna. In ya ga yaron zai gama su ba tare da ya tsaya ya yi tunani ba, ya ajiye ya nemi wani.