Haddar gwani ko takardar matakai: wa za a damƙa wa rumbun bayanai?

A shagunan magani da ƙananan asusun ajiya na unguwar Tampouy a Burkina Faso, lissafi yana ta komawa cikin kwamfuta, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ya san ciki da wajen rumbun bayanan. Ran da za a sabunta manhaja, shi ake kira. Wani ya zo da komai a ka, wani ya zo da takarda, yana sa alama a kan kowane mataki.

Mai hadda ba abin rainawa ba ne. Idan kamfanin lantarki na SONABEL ya ɗauke wuta a zafin Afrilu ana tsakar aiki, shi ne zai dubi allo ya gane inda aka tsaya, ya san ko a ci gaba ko a koma baya. Takarda ba ta da wannan ido. A aikin kullum ma, hannunsa ya fi ta sauri.

Sai dai sabunta rumbu ba aikin kullum ba ne. PostgreSQL, rumbun da ke ƙarƙashin DHIS2, manhajar da Burkina Faso ta gina tsarin alƙaluman lafiyarta na ENDOS-BF a kai, sau ɗaya a shekara yake fitar da babban zubi, kuma shekara 5 ake kula da kowanne. Aikin da sai shekara ta zagayo ake taɓa shi, yaya za a ce hannu ya saba? Gwani zai tuna manyan matakai. Ƙananan ne ke sulluɓewa: a duba ko akwai sauran wuri a faifai, a hana mai karɓar kuɗi shigar da ciniki, a tabbatar batirin ajiyar wuta ya cika. Wanda ya fi zama a raina shi ne a ɗauki kwafin ajiya, a buɗe shi a wata na'ura daban, a ga da ido cewa bashin jiya yana nan.

A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge rumbunsu na aiki bisa kuskure. Da aka je neman kwafi, sai aka tarar pg_dump, mai ɗaukar musu kwafi, ya daɗe ba ya ajiye komai, domin na zubin 9.2 ne ke gudana a kan rumbu mai zubin 9.6. Bayanan kusan awa 6 suka salwanta. Ƙwararru ne fa, ba 'yan koyo ba.

Ga kuma tafiya. Gwani na iya samun aiki a Abijan ya bar mai shago da na'urar da ba wanda ya san kanta. Takarda kuwa tana nan a aljihun tebur.

Ni dai takarda na zaɓa, da sharaɗin gwanin ne zai rubuta ta, ya kuma gyara ta bayan kowane aiki. Mai shago, kafin ka biya shi ladansa, ka ce ya bar maka ita, da kwanan watan da aka gwada kwafi na ƙarshe.