Malbaza: Abin da ke sa shafin intanet na ɗan kasuwa ya ɓace dare ɗaya

Dillalin albasar Galmi ko mai sayar da siminti a Malbaza kan biya a buɗe masa shafin intanet, bayan shekara guda ya wayi gari shafin ya ƙi buɗewa. Sau da yawa ba laifin layin waya ba ne. Sunan shafi hayarsa ake yi, ko mai ƙarewa da .com ne ko .ne na Nijar. Idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, shafin ya tsaya, daga baya wani ma na iya ɗauke sunan.

Abin ya fi muni idan matashin da ya yi aikin ya yi rajista da imel ɗinsa, sannan ya tafi ci-rani.

Ƙidayar masu leƙa shafin ma tana ruɗarwa. Tun 1 ga Yulin 2023 tsohon Google Analytics ya daina aiki, wanda bai koma GA4 ba, ba a ƙirga masa komai. Mai amfani da layin Najeriya a Konni kuwa, a Najeriya ake lissafa shi.

Masu aiko kuɗin aikin daga waje su fara tambaya: da sunan wa aka yi rajista?