Ragon Suna da Takardar Haihuwa: Darasin Bikin Zama Ɗan Birtaniya ga Adarawa

Tun daga shekarar 2004, baƙon da ya nemi zama ɗan ƙasar Birtaniya ba ya samun wannan matsayi ranar da aka amince da buƙatarsa. Sai ya je zauren ƙaramar hukumar da yake zaune cikin wata uku da samun gayyata, ya tsaya gaban jami'in rajista da manyan gari, ya yi rantsuwar biyayya ga Sarki da magadansa, ya ɗauki alkawarin kiyaye dokokin ƙasa da mutunta 'yancin jama'arta, sannan a miƙa masa takardar shaida, a buga taken ƙasa. An yi bikin farko a yankin Brent na birnin Landan ranar 26 ga Fabrairu, 2004, kuma Yarima Charles, wanda ke kan gadon sarauta yanzu, yana cikin mahalarta. Mutumin Tebaram ko Takanamat ko Barmu a ƙasar Adar yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda ba Ingila ce ta mallaki Nijar ba, kuma hanyar bidar Adarawa ba Landan ta nufa ba. Amma akwai abin dubawa. Mutanen Birtaniya suna da takarda, suka ga ba ta wadatar ba sai an haɗa ta da taron jama'a. Mu kuwa taron muke da shi tun kaka da kakanni, wato suna, takardar ce muka bari a baya. Ra'ayina shi ne a haɗa biyun: ranar da aka raɗa wa jariri suna ta zama ranar da sunan zai shiga littafin hukuma.

Kafin mutum ya kai ga wancan zaure, sai ya ratsa dogon layi na hujjoji. Dole ya nuna ya zauna ƙasar shekara biyar bisa ƙa'ida, bai yi fiye da kwana 450 a waje ba a tsawonsu, bai kuma wuce kwana 90 a waje ba a shekarar ƙarshe. Wanda ke auren ɗan ƙasa, shekara uku ake nema gare shi. Sai ya mallaki izinin zama na dindindin, ya nuna yana jin Ingilishi, ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, a kuma bincika halinsa. Tun 2005 akwai jarrabawar sanin rayuwar ƙasar, tambaya 24 cikin minti 45, sai ya ci 18. Kuɗin nema ya haura fam 1,500, wato sama da sefa miliyan ɗaya. Haihuwa a ƙasar ma ba ta isa ba ita kaɗai: dokar 1981, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1983, ta ce sai ɗaya daga cikin iyaye ɗan ƙasa ne ko mai zaman dindindin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ake hawa da fatar baki. Bikin rufin ɗaki ne kawai, takardu su ne ginin da ya ɗauke shi.

A Adar, asalin mutum a bakin jama'a yake. Ana sanin ɗan wane ne, jikan wane ne, a wace shekarar fari ko yalwa aka haife shi. Mai gari ya sani, liman ya sani, wanzamin da ya yi askin suna ya sani. Wannan shaida ce mai ƙarfi, amma iyakarta inda muryar masu shaidar ta tsaya, Adarawa kuwa ba mutanen zama wuri ɗaya ba ne. Ƙasar duwatsu ce, damina gajera ce, da an ɗaure damman hatsi sai samari su kama hanyar cin rani. Kakanni sun tafi Kumasi da Ankara tun Gana tana hannun Turawa, iyaye suka bi Abijan da Legas da Kano, 'ya'ya suka ƙara da Libiya da Aljeriya da Kamaru da Gabon. Da yawan gidajen siminti da shagunan birnin Tahoua da kuɗin bida aka gina su. Wasu suna dawowa da saukar ruwan farko, wasu kuma zama ya kama su, suka yi aure, suka hayayyafa. Yaron da aka haifa a Ajame ko Abobo na birnin Abijan, wanda aka yanka wa rago amma ba a rubuta shi ko'ina ba, ranar da jami'i ya tambaye shi ƙasarsa ba zai iya kiran mai garin kakansa ya yi masa shaida ba.

Tarihi ya nuna wannan rana tana zuwa, kuma ba ta sallama. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su fita daga Gana. Dubban ɗaruruwa suka fita, 'yan Najeriya da Nijar da Togo da ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, cikinsu har da waɗanda a zangunan Gana aka haife su. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora, sama da mutum miliyan ɗaya suka bar Najeriya, galibinsu 'yan Gana, amma ba su kaɗai ba. A Kwaddibuwa kuwa abin a hankali ya zo. Dokar 1961 ta bar ƙofa ga 'ya'yan baƙi da aka haifa a ƙasar su nemi zama 'yan ƙasa, gyaran 1972 ya rufe ta. A farkon shekarun 1990 aka ɗora wa baƙi katin zama, dokar filaye ta 1998 ta keɓe mallakar gonakin karkara ga 'yan ƙasa, siyasar wane ne ɗan asali kuma ta taimaka wajen jefa ƙasar cikin yaƙi a 2002. A duk waɗannan wurare, wanda ya fi shan wuya shi ne wanda ƙasar da yake zaune ta ce ba nata ba ne, shi kuma ba shi da abin nuna wa ƙasar iyayensa.

Abin takaicin shi ne dokar Nijar ba ta da rowa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 23 ga Agusta, 1984, ta ɗauki wanda aka haifa a Nijar, kuma mahaifinsa ko mahaifiyarsa a nan aka haife su, a matsayin ɗan ƙasa, haka ma ɗan da uba ɗan Nijar ya haifa ko a ina ne. Gyaran 1999 ya ba uwa irin wannan dama a kan 'ya'yanta. Gyaran watan Nuwamban 2014 ya halatta riƙe ƙasa biyu, ya kuma buɗe wa mijin 'yar Nijar hanyar samun ƙasar matarsa. Baƙon da ya shekara goma yana iya nema. Sai dai haƙƙin da ke cikin doka daban, iya tabbatar da shi daban. Takardar shaidar ɗan ƙasa alƙali ke bayar da ita, shi kuwa alƙali takardar haihuwar mai nema yake dubawa, da ta uwa ko uba. Daga nan ne katin ɗan ƙasa da fasfo suke fitowa, sai jarrabawar makaranta da neman aikin gwamnati. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2006 ya samu kashi 32 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajista, na 2012 ya samu kashi 64. Ci gaba ne babba, amma ma'anarsa a lokacin yaro ɗaya cikin uku ba ya cikin littafi, kuma karkara ce ta fi ɗaukar wannan giɓi.

Ga inda suna ya shigo. Dokar rajistar jama'a ta 1 ga Yuli, 2019, ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kyauta, a likita ko a cibiyar ƙauye. Wanda ya wuce wa'adi sai ya nemi hukuncin alƙali, da shaidu da kuɗin mota da ɓata kwanaki a Tahoua. Suna kuwa rana ta bakwai ake yi, a farkon wa'adin, kuma babu gidan da ke tsallake shi komai talaucinsa. A ranar ce kaɗai duk abin da rajista ke bukata yake haɗuwa wuri ɗaya: sunan jariri ya tabbata, uba ko waliyyinsa na nan, dangin uwa na nan, shaidu sun cika ƙofar gida. Abin da ya rage shi ne mai rubutu da littafi. In mai gari ya sa wakilinsa ya halarci kowane suna da littafin, liman kuma ya saba tambayar ko an rubuta kafin a shafa fatiha, cikin 'yan shekaru abin zai zama al'ada, rashinsa ya zama abin kunya kamar rashin goro. A waje ma hakan na yiwuwa, domin shugabannin 'yan Nijar a Abijan da Ankara da Kano sun san gidan da aka haihu, kuma ofisoshin jakadanci suna nan don rubuta 'ya'yan 'yan ƙasa.

Za a ce iyakokin nan Turawa ne suka shata su, kuma gaskiya ne. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 su suka raba Birnin Ƙonni da Illelar Sakkwato, suka bar dangi ɗaya da tuta biyu. Me zai sa Ba'adare ya nemi takarda don ya ziyarci ɗan'uwansa? Amsar ita ce sanin asalin iyaka ba ya ɗage shingen da ke kanta. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ma ba ta yafe takardar tafiya ba, biza ta yafe. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata. Ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku har zuwa wani lokaci, amma alfarma ce, ba haƙƙi ba, kuma ko alfarmar mai takarda ne ke cin ta.

Hujja ta biyu da za a kawo ta fi nauyi: takarda makami ce a hannun masu mulki. A Birtaniyar kanta, a 2018 aka bankaɗo yadda aka tsare, aka hana aiki da magani, har aka kori wasu 'yan asalin tsibiran Karibiyan da suka shigo bisa ƙa'ida tun suna yara, abin da ya ci kujerar ministar cikin gida Amber Rudd. A Najeriya, a Janairun 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka kai shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne. Dokar Birtaniya ta ba ministan cikin gida ikon ƙwace ƙasa daga wasu mutane, Nijar ma ta kafa irin wannan doka a 2024 ta kuma yi aiki da ita. Duk wannan gaskiya ne, amma a dubi yadda kowane lamari ya kasance. Mutanen Karibiyan rashin takarda ne ya kayar da su, domin hukuma ta lalata katunan shigowarsu a 2010, ta kuma ce su kawo hujja. Shugaba Darman kotun Maiduguri ce ta tabbatar masa da ƙasarsa bayan sauraron hujjojin asalinsa. Takarda ba ta hana zalunci, amma tana ba wanda aka zalunta abin riƙewa gaban alƙali. Maganin mugun amfani da ikon ƙwace ƙasa shi ne sa idon kotu, ba zama babu rajista ba.

Akwai kuma masu cewa wanda ke neman abin kaiwa baki ba ya tunanin takarda, ga nisa, ga rashin tsaro a arewacin jihar Tahoua, ga makiyaya Fulani da Abzinawa da ba sa kwana biyu a mashaya ɗaya. Tsofaffi kuma ba su manta cewa ƙidayar Turawa haraji da aikin tilas ta jawo ba. Waɗannan dalilai ne na a kai littafi inda mutane suke, ba na a bar su ba. Bayan kisan da aka yi a ƙauyukan Tillia a watan Maris na 2021, inda mutum 137 suka rasu, waɗanda suka gudu sun bar garuruwan da aka san su, shaidar baki ta watse tare da su. Wanda aka taɓa rubutawa yana iya neman kwafi, wanda ba a rubuta ba daga farko zai soma. Zaman da alƙalai ke fita yi a ƙauyuka don ba da takardu yana da amfani, sai dai gyaran ɓarna ne, kuma ya fi rubutun rana ta bakwai tsada. Addini ma ba ya hanawa: kiyaye nasaba na cikin manyan manufofin shari'a, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Nauyin ba na iyaye kaɗai ba ne. In littafi ya ƙare ba a kawo wani ba, ko mai rubutawa bai samu ɗan alawus ɗinsa ba, ko takardu sun fito sun kwanta a ofis babu mai mayar da su ƙauye, amincewar jama'a za ta karye, kuma da wuya ta dawo. Ƙaramar hukuma kamar Tebaram tana iya auna kanta da lissafi mai sauƙi: a ƙarshen shekara kowane mai gari ya faɗi yawan sunayen da aka yi a garinsa, a gwada da yawan haihuwar da aka rubuta, da yawan takardun da suka isa hannun iyaye. Inda aka ga tazara, nan za a fara aiki kafin samarin bana su kama hanya.