Gurnetin Filin Idi na 1965

Duk wanda ya taɓa tsayawa sahu a filin idi ya san cewa wurin ne talaka da mai mulki suke haɗa kafaɗa ba tare da shamaki ba. A irin wannan wuri, ranar 13 ga Afrilu 1965, ana sallar layya a Yamai, wani ɗan jam'iyyar Sawaba mai suna Amadu Diop ya jefa gurneti da nufin hallaka shugaban ƙasa Diori Hamani. Shugaban ya tsira ba ko ƙwarzane. Wanda ya mutu ƙaramin yaro ne da aka kawo sallah, wasu masallata kuma suka jikkata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa kisan gilla ba ya zaɓen wanda zai ci.

Mai kare Sawaba zai ce tura ce ta kai bango, kuma maganarsa tana da ƙanshin gaskiya. A ƙuri'ar raba gardama ta 1958 jagoran Sawaba Jibo Bakari ya nemi a ce wa Faransa a'a, aka kayar da shi, a 1959 aka haramta jam'iyyarsa, shi kuma ya yi gudun hijira. Magoya bayanta a Damagaram da sauran gabashin ƙasa suka zauna cikin ɗarɗar. Mayaƙanta da suka kutso kan iyaka a Oktoba 1964 an murƙushe su, har aka harbe wasu a bainar jama'a. Gwamnatin da ta toshe bakin 'yan adawa tana da nata kaso na alhaki, wannan ba abin musu ba ne.

Sai dai a duba abin da gurnetin ya haifar. Ya ba hukuma hujjar kame ɗimbin mutane, galibinsu ba su san an shirya komai ba, ya kuma sa jama'a suka ƙyamaci masu zubar da jini a wurin ibada. A wannan shekarar aka sake zaɓen Diori shi kaɗai ba abokin takara, ya ci gaba da mulki har 15 ga Afrilu 1974, lokacin da fari da yunwa suka raunana gwamnatinsa, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da ita. Jibo ya dawo gida, amma ba a jima ba sojojin suka ɗaure shi. 'Yancin kafa jam'iyyu bai dawo Nijar ba sai a farkon shekarun 1990, da matsin lambar ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago, wanda ya kai ga Babban Taron Ƙasa na 1991.