FAIFAI MAI KULLE: WA AKA HANA, MAI SATA KO MAI SAYE?

Jama'a masu karatu, a cikin kayan zamani da suka shigo gidajenmu, kaɗan ne suka haddasa gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa kamar faifan waƙa, wanda a nan muke kira sede, maƙwabtanmu na Katsina da Kano kuma suke cewa sidi. Mutum ya biya kuɗinsa, ya kai faifai gida, ya saka a inji, inji ya yi ta juyi ya ƙi magana. Ya koma shago, a saka a wani injin, waƙa ta tashi garau. Mai shago ya ce injinka ne ya mutu, mai gyara ya kwance inji ya ce lafiyarsa lau. Sau da yawa ƙura ce, ko kuwa faifan ne ya karce. Amma akwai wasu shekaru da manyan kamfanonin waƙa na duniya suka riƙa lahanta faifansu da gangan tun daga masana'anta, wai don kada a kwafe shi. Labarin wannan kulle da yadda ya ƙare yana da darasi ga mai saye, ga mawaƙi, da kuma hukumomin da aka ɗora wa nauyin kare haƙƙin kowanensu.

Ciwon ba baƙo ba ne a Maraɗi

Mutanen Maraɗi sun daɗe da sanin cewa ba kowane kaya ke shiga kowane inji ba. Daga birnin zuwa iyakar Nijeriya bai wuce kilomita 50 ba, kuma ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa ne kaset da faifai suka riƙa shigowa, su sauka babbar kasuwa, daga nan ƴan koli su yaɗa su zuwa Tsibiri da Jiratawa da sauran garuruwan bakin Gulbi. Da aka buɗe gidan telebijin na ƙasa a 1979, Nijar tana kan tsarin launi na Faransa mai suna SECAM, alhali Nijeriya tana kan tsarin PAL irin na Jamus da Ingila. Saboda haka wanda ya sayo kaset ɗin bidiyo a Kano, in akwatinsa SECAM kaɗai ya sani, sai hoto ya fito masa fari da baƙi. Dole mutane suka koyi neman akwati mai cin tsari biyu kafin su ciro kuɗi daga aljihu.

Wancan saɓani ba wanda ya ƙulla shi don ya cuci mai saye. Ƙasashe ne kowace ta bi hanyarta. Da faifan fim na DVD ya fito a 1996, sai aka shiga sabon salo, domin kamfanonin fim sun raba duniya yanki 6 da gangan. Amurka ita ce yanki na 1, Turai da Gabas ta Tsakiya na 2, Nijar da Nijeriya da mafi yawan ƙasashen Afirka na 5. Faifan da alhaji ya sayo a Makka, ko wanda ma'aikaci ya kawo daga Faransa, in dai an ɗaure shi da yanki, injin yanki na 5 ba ya karɓarsa. Abin da ya rufa mana asiri shi ne injinan ƙasar Sin masu araha, waɗanda yawancinsu ba ruwansu da yanki, da kuma faifan VCD na 1993 wanda ba shi da kulle ko kaɗan. A kansa ne finafinan Hausa suka ci zamaninsu bayan kaset.

Yadda faifai yake magana

Kamfanin Philips na ƙasar Holand da kamfanin Sony na Japan su ne suka haɗa kai suka rubuta ƙa'idar faifan waƙa a 1980. Ana kiran ƙa'idar Jan Littafi saboda launin bangonta. A 1982 faifan ya shiga kasuwa. Faɗinsa santimita 12 ne, yana ɗaukar minti 74 zuwa 80. Ba allura ke bin sa kamar faifan garmaho ba. Hasken leza ne ke karanta wasu ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda aka jera a layi guda da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, tsawonsa ya haura kilomita 5. A farkon layin akwai fihirisa mai gaya wa inji yawan waƙoƙi da inda kowace ta fara. An kuma cakuɗa waƙar da wasu alamomi na gyaran kuskure, yadda in faifai ya ɗan karce, inji zai cike gurbin ba tare da kunne ya ji ba.

Alkawarin da ƙa'idar ta ɗauka shi ne: duk faifan da ke ɗauke da tambarin Compact Disc zai yi magana a duk injin da ke ɗauke da wannan tambari, ko a Tokiyo yake ko a Tsibiri. Alkawarin ya riƙe kusan shekara 20. Sai ga kwamfuta ta iya kwafe faifai cikin ƴan mintoci, ga tsarin MP3 mai matse waƙa ta zama ƙarama, ga kuma Napster a 1999, inda miliyoyin mutane suka riƙa musayar waƙa kyauta ta intanet. Ciniki ya fara ja da baya, hankalin kamfanoni ya tashi. Daga 2001 suka shiga kulle faifai gadan-gadan.

Kulle iri uku

Na farko, a saka fihirisar ƙarya a wajen bakin faifai. Tsohon injin gida fihirisar farko kawai yake dubawa, don haka ya wuce abinsa. Kwamfuta kuwa takan bincika har ƙarshe, sai ta faɗa cikin ta ƙaryar ta rikice. Na biyu, a zuba kurakurai da gangan cikin waƙar kanta, a bar wa inji aikin cikewa, mai kwafa kuwa ya kwashi ƙara da tsalle-tsalle. Na uku, a ɓoye wata manhaja a cikin faifan, wadda za ta shige kwamfuta ta hana ta kwafa.

Masu wannan dabara sun ɗauka injin gida daban, kwamfuta daban. Amma a lokacin masana'antu sun riga sun fara saka kayan karatu irin na kwamfuta a cikin rediyon mota, da injin DVD, da ƙananan injina masu cin MP3. Waɗannan duk sai suka faɗa tarkon da aka ɗana wa mai kwafa. Wani ya ƙi karɓar faifai, wani ya tsallake waƙar farko, wani ya tsaya a tsakiya. Faifan mawaƙiya Celine Dion na 2002 har maƙalewa ya riƙa yi cikin wasu kwamfutocin Apple, sai an kai su wurin mai gyara. Ga kuma wata illa: faifan da aka riga aka cika da kurakurai ba shi da sauran haƙurin karcewa. Ɗan lahanin da faifai na gari zai shanye, shi sai ya kashe shi. A ƙasa mai ƙurar hunturu irin tamu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. An dai buga waɗannan fayafayai ne domin kasuwannin Turai da Japan da Amurka, amma sun iso nan cikin jakar matafiya da ɗalibai, kamar yadda rediyoyin da suka ƙi su suka iso cikin tsofaffin motocin Turai da aka riƙa shigowa da su ta tashar Kwatano.

Magana ta kai gaban alƙali

A 2002 kamfanin Philips da kansa ya fito ya ce faifan da ya saɓa wa Jan Littafi bai cancanci tambarin Compact Disc ba. A Faransa kuwa, wata mata ta sayi faifan mawaƙi Alain Souchon, ya ƙi magana a rediyon motarta ƙirar Renault Clio. Ƙungiyar kare masu saye ta UFC-Que Choisir ta tsaya mata. Ran 2 ga Satumba 2003 kotun Nanterre, kusa da Paris, ta yanke cewa faifan yana da ɓoyayyen aibi, ta umarci kamfanin EMI ya mayar mata da kuɗinta, yuro 9 da rabi, wato jika 6 da ƴan kai a kuɗinmu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma hukuncin babba ne. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda aka sayar wa rariya da sunan ƙwarya kuwa, yana da haƙƙin ya kai ƙara.

Abin da ya ƙarasa kulle shi ne badaƙalar kamfanin Sony BMG. Ran 31 ga Oktoba 2005 wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Mark Russinovich, ya bayyana cewa fayafayan kamfanin suna shigar da wata manhaja cikin kwamfuta a asirce, ta ɓuya yadda mai ita ba zai gan ta ba, ta kuma bar ƙofa buɗe ga masu kutse. Dole kamfanin ya janye miliyoyin fayafayai daga kasuwa, ya biya diyya a Amurka. Zuwa 2007 manyan kamfanoni sun daina kulle faifan waƙa, a 2009 kuma shagon iTunes na Apple ya cire kulle daga waƙoƙin da yake sayarwa.

An bar jaki ana dukan taiki

Shin kullen ya hana sata? A 2002 aka gano cewa in an ja layi da baƙin alƙalami a bakin faifai, an rufe fihirisar ƙaryar ke nan. A 2003 wani ɗalibin jami'ar Princeton, John Halderman, ya nuna cewa riƙe maɓalli guda a kwamfuta lokacin saka faifai ya isa ya hana manhajar tashi. Kullen DVD ma tun 1999 aka karya shi, kuma cikin waɗanda suka karya har da wani yaro ɗan ƙasar Norwe mai shekara 15. Mai kwafa sau ɗaya kawai yake bukatar ya tsallake katanga. Daga nan kwafinsa ba shi da kulle, yana magana a kowane inji. Sai ya zamana faifan sata ya fi na halal amfani. Wanda ya biya cikakken kuɗi shi ke shan wahala, wanda ya sayi na kwafi yana kwance yana sauraro.

Ƴan kasuwar Kano sun bi wata hanya dabam a zamanin kaset ɗin bidiyo. Mai shirya fim shi ke buga kwali, ya ba dillalan Ƙofar Wambai uwar kaset su kwafa, amma kowane kwali sai sun saya a hannunsa. Wato a kan kwali aka ɗora haƙƙi, aka bar kaset ya yi magana a kowane gida. Tsarin yana da nasa rauni, kuma katin memori da masu tura waƙa a salula sun zo sun rushe shi, amma bai taɓa hukunta mai saye ba.

Abin da ya rage gare mu

Kada wani ya ɗauka cewa ana wanke mai kwafa ne. Mawaƙanmu sun daɗe a matsayin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai kariyarsu tana wurin doka da tsari. Nijar ta shiga yarjejeniyar Berne tun 1962, ta yi dokar haƙƙin mawallafa a 1993, ta kafa hukumar BNDA a 1995, ta kuma sabunta dokar a 2010. Aikin hukumar shi ne karɓar kuɗi daga masu cin moriyar waƙa, kamar gidajen rediyo da wuraren shagali da masu sayarwa, ta raba wa masu ita. Faransa tun 1985 ta ɗora ɗan haraji a kan kaset marar komai domin a biya mawaƙa, Burkina Faso ma tana karɓar irinsa ta hannun ƴan duwan. Mawaƙin da bai rubuta sunansa da ayyukansa a hukumar ba, shi ya rufe wa kansa ƙofa.

Ga mai inji a gida, kafin a kai wa mai gyara, a gwada wani faifan da aka san lafiyarsa. In ya yi magana, laifin ba na inji ba ne, kada a bari a taɓa idonsa. A duba tambarin da ke jikin kwali: in babu Compact Disc, ko an rubuta gargaɗin hana kwafi, to mai yiwuwa faifan mai kulle ne. A goge faifai da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba da kewaye ba. A kuma sani cewa tsofaffin injina da yawa ba sa karanta MP3, ko faifan da ake gogewa a sake naɗa.

Ga ma'aikata da masu ajiyar tarihi kuwa, akwai gargaɗi na musamman. Faifan da aka naɗa a kwamfuta a kan wani ɗan rini yake riƙe magana, rana da zafi kuma suna cinye rinin. Duk wanda ya ajiye kiɗan fadar Gobir a Tsibiri, ko karatun malaman Maraɗi, ko gargaɗin noman rani irin na Jiratawa a kan faifai guda, ya gaggauta juye shi a wuri biyu ko uku, cikin tsarin da kowane inji ya sani. Waƙoƙin Narambaɗa da na Mamman Shata da na Ɗan Gurmu sun iso kunnen jikokinmu ne saboda an yi ta juye su daga wannan mazubi zuwa wancan. Haka kuma, duk abin da aka naɗa da kuɗin gwamnati domin wayar da kan jama'a, bai kamata a yarda a kulle shi ba.

Yau faifai ya ja da baya, amma kulle ya koma cikin salula. Waƙar da aka sauke ta wasu manhajojin biyan kuɗin wata, a cikin manhajar kaɗai take magana, ranar da biya ya tsaya ita ma ta yi shiru. Saboda haka, jama'a, kafin ku miƙa kuɗi, ku tambaya: saye ne ko haya? A wane inji za ta yi, kuma har yaushe? Allah shi ba mu ikon ba kowa haƙƙinsa, amin.