Kai rubutunka gidan wani, ka ga yadda zai dawo

Kusan kowane aji na sakandare yana da marubucinsa. Wani shi ke tsara wa abokai wasiƙa, wata kuma littafinta na rubutu cike yake da labarin da 'yan aji ke karɓa bi da bi, ko ta riƙa sakinsa kashi-kashi a WhatsApp. Masu karanta musu abokai ne, aboki kuwa ba ya ce maka sakin layi na uku ba shi da amfani. Iyakarsa "Masha Allah, a ci gaba." Akwai daɗin ji, sai dai ba ya gyara ko jimla ɗaya.

Abin da ke gyara jimla shi ne ka aika rubutunka inda ba kai ke da iko ba: mujallar makaranta, allon ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarku, filin wasiƙu na jarida, ko shafi irin wannan. A can kai baƙo ne. Akwai mai gida, wato edita, yana da ka'idarsa da iyakar wurin da zai ba ka, kuma masu karatunsa ba su san ka ba balle su yi maka kara.

Wannan hanya tsohuwa ce. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin waɗanda suka aika har da wani malamin Makarantar Midil ta Katsina mai shekara ashirin da 'yan kai, Abubakar Imam. Labarinsa shi ne Ruwan Bagaja. A gasar ne kuma aka samu Gandoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa. Bayan shekara shida, a 1939, Imam ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ma ya koma duba rubutun wasu. Yaya yayanku ya ba shi baya a shekaru lokacin da ya aika labarin nan? Da kaɗan.

Darasin farko da gidan wani ke koyarwa shi ne tsimin kalma. Idan aka ce maka kalma 300, to 300 ne. Nan za ka gane cewa buɗewar nan da muka saba, "Kamar yadda kowa ya sani, ilimi abu ne mai matuƙar muhimmanci a rayuwar ɗan Adam," ta cinye kalma goma sha biyar ba ta faɗi komai ba. In kowa ya sani, me ya sa ka rubuta? Edita zai share ta ya fara daga inda ka ce rijiyar burtsatsen makarantarku ta yi wata huɗu a lalace, 'yan kwana suna fita neman ruwa kafin asuba. Wannan ne labarin. Sauran duk gyaran murya ne.

Ni a ganina, babbar riba tana zuwa ne ranar da rubutun ya fito. Kada ka tsaya kan ɗaukar hoton sunanka kana turawa dangi. Ɗauko kwafen da ka aika, ka ajiye shi gefen wanda aka buga, ka bi su layi-layi da biro. Za ka tarar "shine" ya koma "shi ne", "ya kan" ya koma "yakan", "baki" da ka rubuta kana nufin waɗanda suka zo ziyara ya samu lanƙwasarsa ya zama "baƙi". Za ka ga jimla mai layi biyar an raba ta uku, an ɗauko maganar da ka ɓoye a ƙarshe an kawo ta gaba. Kowane gyara ka tambayi kanka dalilinsa. Malamin da ke da ɗalibi tamanin a aji ba zai iya yi wa kowa wannan aikin ba, ga shi edita ya yi maka kyauta.

Kuma abin yana taɓa jarrabawa kai tsaye. A takardar Turanci ta WAEC ana so a rubuta insha'i na kalma 450, kuma cikin tambayoyin da ake yawan kawowa akwai wasiƙa zuwa ga editan jarida da muƙalar da za a buga a mujallar makaranta. Wanda ya taɓa yin abin da gaske ba ya ɓata minti goma yana cizon biro.

Za a ƙi buga wasu, wasu ma ko amsa ba za a ba ka ba. Sau da yawa dalilin shi ne ba ka karanta wurin ba kafin ka aika: ka tura waƙar soyayya filin da ke maganar noma, ko shafi shida inda ake buga rabin shafi. Karanta fitowa uku ko huɗu tukuna. Kada ka aika rubutu ɗaya wuri biyu a lokaci guda, kada ka kwafo na wani, editoci sun fi ka yawo a intanet. Wanda kuma ya ce ka biya kuɗi kafin ya buga maka, bar masa shafinsa.

'Yan mata masu rubuta labari su sa ido kan Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da BBC Hausa ta fara a 2016. Tana da ka'idar shekaru da ta yawan kalmomi, sai a duba sanarwar kowace shekara. Kafin lokacin ya yi, wanda ke kula da allon makarantarku yana neman abin da zai liƙa ranar Litinin.